Jaka mai taya: kafin ka biya kuɗi, kifa ta ka duba ƙafafunta

Bayan Ƙaramar Sallar da ta wuce, wani ƙanena da ke sana'ar ɗaukar hoto da bidiyon biki a Wurno ya turo min hoto ta WhatsApp. Akwati ne mai taya huɗu, ruwan azurfa, sai ɗaukar ido yake yi. A wani bidiyon talla ya gan shi, inda ake tura shi da yatsa ɗaya yana sulalewa a kan tayil. Ya yi oda, aka aiko masa ta tashar mota a Sakkwato. Ya shirya kyamararsa a ciki, da fitilu biyu, da makirfo, da fawa bank, da kwamfutar da yake tace bidiyo da ita. Ya rubuto min cewa, "Yaya, yanzu kam na zama ƙwararre."

A fita ta uku, wani biki ne a wani ƙauye gaba da Goronyo. Yaran mota suka ɗaure akwatin a but tare da buhunan albasa, da aka sauke shi taya ɗaya ta karkace. Ya ja shi a haka cikin yashi da tsakuwa, ba a yi nisa ba tayar ta cire gaba ɗaya, ta tafi da wani ɓangare na gindin akwatin. Ya ɗora shi a ka. Akwati mai santsi ba shi da wurin kamawa, wajen hawa babur ya suɓuce ya daki ƙasa. Gilashin kwamfutar ya tsage. Bikin dai an ɗauka, amma ya yi mako uku bai miƙa aikin mutane ba, kuma kuɗin gyaran ya ninka kuɗin akwatin.

Wannan ne ya sa nake son mu yi maganar jaka yau a shafin da aka saba maganar waya da manhaja. Muna iya kwana uku muna muhawara a kan wace waya ce ta fi kyamara, amma abin da zai ɗauki wayar da sauran kayan aikinmu ya kai su kasuwa lafiya, a minti biyar muke zaɓensa, kuma da launi muke zaɓe. Ra'ayina shi ne: ga matashin da ke yawo da kayan sana'a tsakanin Wurno, Rabah da Goronyo, akwati mai ƙananan tayoyi huɗu asarar kuɗi ne. Abin da ya dace da ƙasarmu shi ne jaka mai manyan tayoyi biyu da ake iya kwancewa a canza, mai tauri a gindi, mai igiyar goyo a baya. Bari in kawo dalilaina.

Su wa nake magana da su?

Ba da mai zuwa Umara nake ba, shi wannan ya sayi abin da ya ga dama. Ina magana ne da mai gyaran waya da ke bin kasuwanni da mita da ƙarfen liƙi da gilasan waya a jaka. Da mai POS da ke fita da na'ura biyu da fawa bank da littafin lissafi. Da mai sayar da caja da iyafis da kwalin waya, wanda yau yana Achida, ranar Lahadi yana kasuwar Goronyo. Da mai kayan sauti na biki da wa'azi, da mai ɗaukar bidiyo irin ƙanena, da matasan da ake ɗauka aikin tattara bayanai a ba su kwamfutar hannu su shiga ƙauyuka. Duk waɗannan jarinsu a cikin jaka yake. Ranar da jakar ta ci amanarsu, abincinsu ne ya taɓu.

Darasi daga masu wasan takobi

Akwai wasu 'yan wasa da suka daɗe da fuskantar irin wannan matsala, wato masu wasan takobi na zamani. Mu a nan takobi a kafaɗa ake ratayawa da hamila ranar hawan Sallah, amma su wasa ne na gasa wanda yake cikin Olamfik tun 1896, kuma a watan Yunin 2025 Legas ta karɓi baƙuncin gasarsa ta Afirka. Takubban wasan iri uku ne. Biyu daga ciki tsawonsu yana kaiwa santimita 110, na ukun 105. Doka ta wajabta wa ɗan wasa ya zo fili da aƙalla takobi biyu masu aiki da wayoyin lantarki biyu da ke haɗa takobin da na'urar ƙirga maki. Ga hular ƙarfe mai raga, ga riga mai kauri, ga takalma, ga kayan gyara. Duk wannan ɗan wasa zai kwasa daga gari zuwa gari kusan duk mako idan kakar wasa ta kama.

Saboda haka kamfanonin da ke yi musu kaya, irin su Leon Paul na Ingila, da Allstar da Uhlmann na Jamus, da PBT na Hangari, duk sun taru a kan siga kusan ɗaya. Doguwar jaka ce ta yadi mai kauri, bayanta ko gindinta mai tauri, tayoyi biyu a ƙarshe ɗaya, mariƙi a ɗaya ƙarshen, sannan an raba cikinta don kada ƙarfe ya haɗu da tufafin da suka jiƙe da gumi ya yi tsatsa. Idan ka saurari masu amfani da irin waɗannan jakunkuna, ƙorafinsu ba ya wuce wurare uku: taya, zif, da kusurwar da ke gogar ƙasa. Ba ka jin suna kukan launi.

Abin lura shi ne, su waɗannan a filin jirgi da zauren wasa suke jan jakarsu, amma duk da haka ba su yarda da ƙananan tayoyi huɗu ba. To ina ga mu da muke ja a kan marmara?

An yi tayar ne don filin jirgi

Tarihin abin ma ya isa ya faɗakar da mu. Wani Ba'amurke mai suna Bernard Sadow ya maƙala wa akwatin tafiya tayoyi a 1970, bayan ya ga wani ma'aikaci a filin jirgi yana tura babban inji a kan katako mai taya. Ya samu rajistar ƙirƙirar a 1972. A 1987 wani matuƙin jirgin sama na kamfanin Northwest, Robert Plath, ya fito da sigar da muka sani yau, akwati a tsaye mai taya biyu da mariƙin da ake zarowa. Daga baya, cikin shekarun 2000, mai taya huɗu da ke juyawa kowane ɓangare ya cika kasuwa. Duk matakan nan uku, daɓen filin jirgi da barandar otal aka duba aka yi su.

Yanzu ka kwatanta da inda mu muke. Wurno, garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi kuma aka binne shi a 1837, yana kan tudu ne yana kallon fadamar Rima, hawa da gangara da tsakuwa. Rabah, mahaifar Sardauna Ahmadu Bello, tana bakin Gulbin Sakkwato, ga rairayi. Goronyo kuwa ga madatsar ruwa ga gonakin rani, da damina hanyoyin ƙauyukanta taɓo ne, wasu ma sai sun shiga kwalekwale kafin su iso kasuwa. A tafiya ɗaya jakarka za ta shiga but ɗin mota, ta hau kariyar kabu-kabu a ɗaure ta da roba, ta ratsa yashi, wataƙila ta shiga jirgin ruwa. Nisan da za ta yi a kan siminti mai laushi bai fi daga ƙofar ɗakinka zuwa zaure ba.

Lissafin taya

Ga wani lissafi mai sauƙi da mai sayarwa ba zai gaya maka ba. Taya ba ta iya haye abin da tsayinsa ya kai rabin faɗinta idan tura ta kawai ake yi. Tayar akwati mai ƙafa huɗu yawanci faɗinta wajen santimita 5 ne. Ke nan dutsen da ya kai santimita 2 da rabi ya isa ya tsayar da ita cak. Kai kuma kana ci gaba da ja, sai duk ƙarfin ya koma kan ɗan siririn wuyan da ke riƙe da tayar. Haka za a yi ta yi sau ɗari a tafiya ɗaya har wuyan ya gaji. Tayar da ta kai santimita 8 kuwa sai dutse ya kai 4 kafin ya tare ta, kuma da yake jaka mai taya biyu a karkace ake jan ta, hannunka yana taimaka mata ta ɗaga.

Na biyu, wurin zaman tayar. A mai ƙafa huɗu, tayoyin a waje suke, sun fito ƙasa kamar ƙafar kaza. Idan yaron mota ya jefo akwatin, su ne ke fara dukan ƙasa. Idan aka danna buhu a kansa a but, su ne ke lanƙwashewa. A mai taya biyu, rabin tayar a cikin jikin jakar yake, ƙarfen da take juyawa a kansa kuma an kama shi ta gefe biyu.

Na uku, abin da ke cikin tayar. Jakunkuna masu kyau suna amfani da irin tayar takalmin gudu, mai roba mai ɗan taushi da boris a tsakiya. Boris ɗin da aka fi sa wa irin wannan taya shi ne mai lamba 608: raminsa milimita 8, faɗinsa 22, kaurinsa 7. Ba baƙon abu ba ne, ana sa shi a ƙananan injina da yawa, don haka nemansa ba ya wahala wurin masu kayan gyara. Idan za ka canza, nemi wanda aka rubuta 2RS a ƙarshen lambarsa, shi ne mai murfin roba gefe biyu, ya fi mai ZZ hana ƙura shiga. Tayar araha kuwa busasshiyar roba ce a kan ƙusa, babu boris. Yashi yana shiga ya cinye ramin, sai ka ji ta fara ƙara tana rawa.

Na huɗu, kuma shi ne mafi muhimmanci a wurina: da me aka ɗaure tayar? Zuge zif ɗin shafin ciki ka leƙa. Idan ka ga sukuru ko noti, ranar da tayar ta mutu za ka kwance ka sa wata. Idan ka ga ƙusar da aka danne ta dindindin a jikin siririyar roba, to ranar da tayar ta tafi, da jakar za ta tafi. Kowace taya za ta mutu wata rana, har ta jaka mai tsada. Tambayar ita ce ko mutuwarta za ta ja sauran jakar zuwa bola.

Sauran wuraren dubawa

Gindi da kusurwa. Ka tsayar da jakar ka karkata ta kamar za ka ja, ka ga wane wuri ne ke kusa da ƙasa. Idan yadi ne tsirara, wata biyu ya isa ya huje. Ya kamata a ce akwai faranti mai tauri ko dogayen robobi biyu da ke kare wurin.

Mariƙi. Wanda ake zarowa yana da kyan gani, amma bututu ne a cikin bututu, ƙurar hunturu tana shiga ya ƙi fita ko ya ƙi komawa. Ka zaro shi duka ka girgiza. Idan yana kaɗawa sosai tun yana sabo, bar shi. Mai sanda biyu ya fi mai sanda ɗaya. Kuma kada ka taɓa ɗaga jaka mai nauyi da shi, don ja aka yi shi. Dole jakar ta kasance da wasu hannuwan na yadi, a sama da gefe da ƙasa, waɗanda ɗinkinsu ya zagaye jikinta, saboda da su yaran mota za su fizge ta.

Zif. Ana yi masa lamba gwargwadon faɗin haƙoransa a milimita idan yana rufe. Lamba 5 na ƙaramar jakar makaranta ne. Babbar ƙofar jakar kayan aiki tana son lamba 8 ko 10. Sunan YKK a kan marikin zif alama ce mai kyau, ko da yake akwai na jabu, don haka ka zuge shi sau goma ka ji yadda yake bin kwana. In da hali ka ɗauki jakar da ke da ɗamara biyu masu ƙulli a waje, yadda ko zif ya fashe a hanya kayanka ba za su watse ba. Kada ka shafa wa zif mai, mai yana tara ƙura. Tsohon burushin haƙori da ɗan gogen kyandir sun wadatar.

Yadi. Za ka ga an rubuta 600D, ko 1000D, ko 1680D. Wannan awon kaurin zare ne, wato nauyin zaren mai tsawon mita 9,000 a giram. Babbar lamba na nufin zare mai kauri, amma irin zaren ma yana da tasiri, domin nailan ya fi foliyesta jure guga. Ka juya cikin yadin ka ga ko an shafe shi da roba mai hana ruwa.

Idan kuma ka nace sai akwati mai tauri, ka san robar iri-iri ce. Mafi yawan masu araha da ABS ake yin su, ita kuma tsagewa take idan ta sha duka. Waɗanda aka rubuta PC ko PP a jikinsu suna lotsawa su dawo. Amma akwatin roba idan ya tsage ba mai ɗinke maka shi, jakar yadi kuwa duk kasuwar da ka shiga akwai mai allura da zare.

Igiyar goyo

Duk kyan taya, akwai inda ba ta aiki. Cikin rairayi mai zurfi ko taɓon fadama, hatta babbar taya nitsewa take ta koma garma. A kan babur ma jakar da ke bayanka ta fi wadda aka ɗaure a kariya samun sauƙin girgiza, domin jikinka yana shanye wani abu daga ciki. Girgiza kuwa ita ce ke kwance sukurorin kyamara, ta kashe ma'ajiyar kwamfuta irin ta da mai faifai a ciki.

Akwai kuma dalilin da duk ɗan gabashin Sakkwato ya sani ba sai an tsawaita ba. Ba mu manta da ranar Lahadi 17 ga Oktoban 2021 ba, lokacin da 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo aka rasa mutum fiye da 40. Allah Ya jiƙansu, Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. A yankin da wani lokaci dole mutum ya bar wuri da sauri, jakar da za ka saɓa a baya hannuwanka biyu su zama a sake ta fi wadda za ka tsaya ja. Kuma akwati mai walƙiya yana shelar cewa akwai abu mai tsada a ciki. Jaka baƙa ko ruwan ƙasa da ta ɗan sha ƙura ba ta jan idon kowa. In abin ya zo da gaske ma, ka yar da ita, rai ya fi kyamara.

Zafi, ƙura da ruwa

A watannin Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yana haura digiri 40. Kamfanin Apple da kansa ya ce wayoyinsa an yi su ne su yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, kuma kada a ajiye su a inda ya wuce 45. Batirin sauran wayoyi da fawa bank duk dangi ɗaya ne. Jakar da aka ɗaure a saman mota da tsakar rana, ko aka kulle a but, cikinta yana wuce zafin waje nesa ba kusa ba. Don haka duk abin da ke da batir, ka ware shi a ƙaramar jaka ka riƙe a cinyarka. Wannan ma wata hujja ce ta sayen jaka mai ɗan ƙaramin aljihu da ake cirewa.

Game da ruwa, kada kalmar talla ta ruɗe ka. Abin da ke da ma'ana shi ne lambar IP. Idan an rubuta IP67, ana nufin ƙura ba ta shiga, kuma zai jure nutsewa cikin ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. Akwatunan kayan aiki irin na kamfanin Pelican ne ke da wannan, suna da nauyi kuma suna da tsada. Jakar yadi ba ta da shi. Maganin talaka shi ne leda mai kauri a ciki, kowace na'ura a naɗe, da soson katifa da aka yanka daidai jikin kowane kaya don kada su riƙa karo da juna. Ƙananan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi, ka daina zubar da su, ka jefa su wurin kyamara da damina.

Kwalliyar da ba ta da amfani

Yanzu ana tallar jaka mai ramin USB a gefe, da mai buɗewa da zanen yatsa, da mai batir a jiki. Ramin USB ɗin nan waya ce kawai da aka ratsa da ita, sai ka sa naka fawa bank ɗin a ciki, kuma ƙofa ce ta shigar ƙura da ruwa. Mai batir a jiki kuwa tarihi ya riga ya yi masa hukunci. A watan Janairun 2018 manyan kamfanonin jiragen sama suka hana ɗaukar akwatin da ba a iya cire batirinsa, kafin tsakiyar shekarar kamfanonin Bluesmart da Raden da suka yi suna da irin wannan akwati sun rufe. Har yau ƙa'idar ita ce fawa bank a hannu ake shiga jirgi da shi, kuma wanda bai wuce 100Wh ba ne ke wucewa ba tare da neman izini ba. Mai 20,000mAh yana kama wajen 74Wh.

Sai na'urar bin sawu. AirTag ba shi da GPS ko layin waya a cikinsa, yana dogara ne da wayoyin Apple da ke wucewa kusa da shi su ba da rahoto. A kasuwar da kusan kowa Tecno ko Infinix ko itel ke hannunsa, zai iya yini bai samu mai kai saƙonsa ba. Google ta buɗe nata tsarin na Android a 2024, wanda ya fi dacewa da mu a ƙa'ida, amma shi ma sai wayoyin da ke kusa suna da data da sabis. Mun kuma ga yadda a watan Satumbar 2021 aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan saboda tsaro. Lambar wayarka da aka rubuta da fenti a cikin jakar, da ƙaramin kwaɗo, da zama inda idonka ke kanta a tasha, sun fi. Tsaron kaya ya fi ban cigiya.

Abin da za a ce min

Wani zai ce, "Malam, irin jakar da kake faɗa tsada gare ta, mu da ƙyar muka haɗa kuɗin na'urar." Gaskiya ne. Amma ka haɗa lissafin duka. Idan mai araha tana mutuwa duk wata huɗu, a shekara ka sayi uku, ban da abin da ya fashe a ciki. Sannan ba dole sai sabuwa ba. A 'yan gwanjo ana samun tsofaffin jakunkuna masu ƙashi mai kyau waɗanda taya ko zif kawai suka rasa, kuma ka riga ka san yadda ake duba waɗannan.

Wani kuma zai ce iyayenmu da buhu da Ghana-mos-go suka yi fatauci har suka gina gidaje. Haka ne, kuma idan atamfa ko takalma kake ɗauka, ban ga dalilin da za ka bar su ba. Amma albasa da atamfa ba su da gilashi. In har kuɗinka bai kai na jaka mai taya ta kirki ba, shawarata ka sayi jakar goyo mai ƙarfi ka cika ta da soso, idan ka sauka a tasha ka ba mai baro ɗan abin da ya samu. Tayar baro ɗaya ta fi tayoyin akwatin nan huɗu sanin hanyarmu. Abin da nake hana ka shi ne tsaka-tsakin nan, wato jakar da ke da nauyin taya amma ba ta da amfanin taya.

Akwai kuma masu cewa mai ƙafa huɗu ya fi sauƙi ga mai ciwon baya ko wuyan hannu, tunda nauyin ba ya kan hannu. Wannan ma gaskiya ne a kan daɓe. Ɗalibar da za ta tashi daga gida a mota a sauke ta a ƙofar ɗakin kwanan makaranta sau biyu a zango, ba laifi ta saya. Maganata a kan mai fita kullum ne.

Idan a intanet za ka saya

Tunda yawancinmu a Facebook da TikTok da WhatsApp muke ganin kaya, ka sa wayarka ta yi maka aiki. Kada ka yarda da hoton kamfani. Ka ce mai sayarwa ya ɗauko maka bidiyon ainihin jakar a kife, ya juya kowace taya da hannu, ya buɗe shafin ciki ya nuna maka abin da ya ɗaure ta, ya ɗora ma'auni ko kwalin ashana kusa da tayar don ka gane girmanta. Ka tambayi nauyinta babu komai a ciki. Ka auna mafi tsawon kayanka, kamar ƙafar kyamara, kafin ka yi oda. Mai niyyar hawa jirgi da ita ya tuna cewa yawancin kamfanoni suna iyakance tsawo da faɗi da kauri a haɗe zuwa santimita 158, abin da ya sa masu wasan takobi ke yawan biyan kuɗin ƙari. A shagunan intanet kuwa, ka tsallake masu yabo ka karanta masu ƙorafi, musamman waɗanda suka rubuta bayan wata uku da saye. Duk mai sayarwar da ya ƙi nuna maka ƙasan jakarsa, ya riga ya ba ka amsa.

Kira ga masu sana'armu

Abin da ya fi damuna shi ne, babu wani abu a jikin jakar da na siffanta wanda ba za a iya haɗawa a Sakkwato ba. Ƙasar da fatar jar akuyarta ta ratsa Sahara ta isa Turai har aka riƙa kiranta fatar Maroko, ba za a ce ta rasa masu ɗinka jaka ba. Muna da dukawa, muna da masu ɗinkin tamfol da kujerar mota, muna da masu walda. Tamfol mai kauri, faranti a gindi, ƙarfe ɗaya mai milimita 8, taya biyu masu boris, zif lamba 10, igiyar goyo mai soso. Matashin da ya haɗa waɗannan, ya ɗauki bidiyonsa yana jan jakar a kan tsakuwar Wurno maimakon tayil, ya kuma yi alkawarin canza taya idan ta mutu, ina da yaƙinin zai samu masu saye daga nan har Isa da Illela.

Ƙanena dai ya gyara kwamfutarsa. Ya samo wata tsohuwar jaka baƙa a gwanjo, mai taya biyu, ɗaya ta ci rabi. Ya kai wa wani dattijo mai gyaran takalma ya ƙara mata igiyoyin goyo da fata a kusurwoyi. Da dattijon ya ji labarin akwatin farko sai ya yi dariya ya ce, "Ɗana, wancan na masu jirgi ne, wagga jikka ita ta san hanya." Wani makanike ya sa mata sababbin tayoyi da noti. Ba ta da kyau a hoto, kuma bai sa ta a sitatus ba. Wata bakwai ke nan yana fita da ita. Akwatin azurfar kuma yana ɗakin mahaifiyarmu, an ɗora shi a kan bulo, ana ajiye zannuwa a ciki.